Haƙoran da Na Baro a Alƙahira

Harafi ɗaya ne ya kai ni Alƙahira. Idan na faɗi haka mutane dariya suke yi, sun ɗauka ba'a ce, alhali ko kusa.

Mahaifina, Malam Garba, yana da makarantar allo a ƙofar gidanmu a Shagari tun kafin a haife ni. Shekarun baya haƙorinsa na gaba ya yi kogo, aka kai shi wani asibiti a birni, likita ya sa masa injin nan mai ƙara, haƙorin ya tsage, ƙarshe dai aka cire shi har da na kusa da shi. Daga ranar Malam bai ƙara fitar da harafin sin daidai ba. Duk inda ya zo a karatu sai iska ta bi ta giɓin, ka ji ɗan fito siriri. To shi kuwa yaro da kunne yake karatu, abin da ya ji a bakin malaminsa shi zai maimaita, ba ruwansa da dalili. Kafin a ankara, duk yaron da ya zauna gaban Malam, da haƙoransa cike da baki, da ya ce Bisimillah sai fito ya biyo. Mu kuma a wurinmu fito ba abin arziki ba ne, ko a kan hanya yaro ya yi sai an tsawata masa, balle a cikin karatu. Har kasuwar Bodinga an san mu. Mai tsire zai riƙe tsinke ya ce wa yaro, "Yi Bisimillah in ji ko ɗan makarantar Malam Garba na," a fashe da dariya.

Ni na tsira, don na riga na yi nisa kafin abin ya same shi. Shi ya sa ya zaɓe ni. Ya ce in tafi Masar in zauna gaban shehi in karɓo ijaza, wato shaidar da malami ke ba ɗalibi cewa ya saurari karatunsa tun daga farko har ƙarshe ya yarda da shi, in dawo in karɓi makarantar in wanke bakin yaran. Ƙanensa da ke Danchadi ya sadaukar da albasarsa ta rani saboda tafiyar. Na bar matata Asma'u da 'yata Hadiza a goye. Wasiyya ɗaya Malam ya yi min, ya kama hannuna ya ce, "Nasiru, komi za shi same ka can, kak ka bari ƙarhe shi taɓa bakinka. Ka ga abin da yay yi min."

Zangona na farko wani ɗaki ne a Hayyul Ashir, unguwar da baƙaƙen fata ke taruwa saboda araha. Hawa na can sama, taga ba ta rufuwa, mai gidan kuma in ya zo sai ya fara leƙa banɗaki kafin ya amsa sallama, kamar awaki ya ba haya. Sanyin garin ba irin namu ba ne, ba ya jin wuta, cikin ƙashi yake kwana. Abinci wake da burodi, gobe burodi da wake. Yaran unguwa suna da sunan da suke kiran irinmu da shi, ban san ma'anarsa ba sai daga baya, kuma da ban sani ba da ya fi min. Akwai ranakun da nake wucewa ta wurin masu kayan miya don kawai in tsaya kusa da tulin albasa in shaƙi warinta, in tuna fadamar Danchadi. Ni da nake guje wa aikin albasa a gida, ga ni ina bin warinta a ƙasar mutane. Abin da ya riƙe ni shayi ne, baƙi ƙirin, sukari har cokali ya tsaya. Da shi nake karyawa, da shi nake korar yunwa, da shi nake haddar darare.

Zango na biyu gidan Shehi ne, a tsohon gari. Dattijo ne ɗan ƙarami, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma yabo. Ya daɗe yana juya ni a kan surar farko har na fara zaton ƙina yake yi. Wannan harafin ka taune shi, wancan ka ja shi ya wuce ƙa'ida, koma. Na koma, na sake komawa. Wata rana ina cikin karatu ya ɗaga yatsa, na tsaya ina jiran gyara. Ya ce, "Ɗan Nijeriya, sin ɗinka wankakke ne. Wa ya koya maka?" Na ce mahaifina. Ya ce, "Allah ya saka masa." Ranar a ƙasa na koma gida, ban hau mota ba, don daɗin ya yi min yawa in zauna wuri ɗaya.

Na wuce rabin karatu lokacin da na lura da ɗan baƙi tsakanin haƙorana biyu na sama, na gaba. Na sa asuwaki, na sa kanumfari, na yi kamar ban gani ba. Da ruwan sanyi ya fara tsira min har cikin ƙwaƙwalwa, sai na shiga wani ƙaramin asibitin haƙori a unguwarmu. Likitan ya duba ya ce ba wani abu ba ne, zai ɗan goge wurin da inji ya cike. Ya ce in jira a waje ya gama da wani. Ina zaune a benci aka kunna injin a ciki. Ban taɓa jin ƙararsa ba, amma nan take na gane ta, don Malam ya sha kwaikwayonta yana ba mu labari. Na ga giɓin Malam a gabana, na ji muryarsa. Na ɗauki takalmana na sauka, ban ko yi sallama ba.

A ƙofar masallaci na haɗu da Sabo, ranar wata Juma'a. Ina tsaye na dafe leɓe, sai na ji an ce a bayana, "Kai ɗan'uwa, wanga dahe baki na lahiya? Daga ina kah hito?"

Wanda bai yi zaman ƙasar waje ba ba zai gane abin da wannan maganar ta yi min ba. Na fi shekara ban ji Sakkwatanci ba sai a waya. Akwai Hausawa a Alƙahira, amma wannan harshen gidanmu ne, da karinsa da komai. Na juya na ga mutum fari, mai ƙiba, shadda tana ɗaukar ido. Na ce Shagari.

Ya ce, "Shagari! Ai kai nawa na. Ni uwata mutumniyar Bodinga ta. Ƙaƙa mutanen gida?"

Kafin mu kai bakin titi na gama zazzage masa cikina. Malam, giɓi, makaranta, wasiyya, ban rage komai ba. Yana ta girgiza kai. Da na gama ya ce, "Wa yac ce ma sai an huda? Wanga tsohon yayi na. Yanzu iska aka hura ma haƙori, ozon sunanta. Ka san hayaƙin da masu hidda tsutsar haƙori ka yi kasuwa? To ita ta, amma ta Turawa. Ba allura, ba ƙarhe, ba jini. Tsutsa ta mutu, haƙori shi koma yadda Allah yay yi shi. Malam na da gaskiya, ƙarhe ba shi gyaran baki."

Ya ce shi taimako kawai yake yi, yana raka mutanenmu asibiti saboda ba su jin Larabci. Ban tambaye shi da me yake sayen shadda ba.

Wurin da ya kai ni a tsallaken kogin da ya ratsa garin yake, gini mai gilashi, ƙasa tana sheƙi har kunya ta kama ni da silifas ɗina. Ba ƙarar inji ko kaɗan, sai ɗan kiɗa a hankali. Likitan saurayi ne mai fara'a. Sabo ya yi masa magana cikin sauri, da Larabcin kasuwa wanda ba na kamawa sosai, ni da na zo da na littafi. Likitan ya leƙa bakina kaɗan, ya ce, "Mai sauƙi ne." Ya kifa wani ɗan ƙoƙon roba a kan haƙorin, na ji shuuu, wani wari ya tashi kamar na ƙasa in an yi tsawa kafin ruwa ya sauko. Kafin in gama salati an cire. Ya shafa min wani ruwa, ya ce in dawo sati mai zuwa, sai an maimaita.

Na maimaita. Na sake maimaitawa. Albasar Danchadi tana tafiya a cikin iska, ni kuwa ina godiya. Idan na ce wa likitan har yanzu yana ciwo, sai ya ce alamar maganin yana aiki ne. Idan na ce ramin kamar yana ƙara faɗi, sai Sabo ya ce, "Haba Nasiru, wa ka gina gida rana ɗai? Yi haƙuri." Can kuma wata safiya na tashi, ciwo ya ɗauke cak. Na kurɓi ruwan sanyi, ban ji komai ba. Na kira gida ina murna.

Malam ya ce, "Ba ƙarhe?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ba ƙarhe. Iska ta kawai."

Ya ce, "Madalla. Allah shi yi ma albarka, kai da wanga bawan Allah da yak kai ka. Mi as sunanshi?"

Na ce Sabo. Ya ce zai sa shi a addu'a.

Ashe ba warkewa ba ce, jijiyar haƙorin ce ta mutu. Na ci gaba da karatu hankali kwance, har na shiga kashi na ƙarshe. Ran nan na gatsa burodi, na ji ƙas, na tofo rabin haƙori a tafin hannuna, baƙi, ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen itace. Kwana kaɗan leɓena na sama ya kumbura har ya taɓa hanci, idona ɗaya ya ƙanƙance, zazzaɓi ya kwantar da ni. Na kira Sabo, waya tana shiga ba a ɗauka. Na ja jiki na tsallaka kogi. Likita mai fara'a ya dube ni, fara'ar ba ta ko motsa ba, ya ce ai wannan ya wuce aikinsu, na zo musu a makare tun farko. Na ce to me ya sa ba ka faɗa min tun farkon ba? Ya ce da mutumina Sabo aka yi magana. Wani ƙato ya buɗe min ƙofa.

A ƙasan gidan da nake haya akwai wata mai shayi 'yar Sudan, Hajja Zainabu. Kakanninta daga ƙasar Hausa suka tafi hajji a ƙasa, suka zauna a hanya. Hausarta ba ta wuce 'yan kalmomi ba, irin na tsofaffi. Da ta ga kwana biyu ban sauko ba sai ta hawo da kanta, da ƙiba da ciwon gwiwa, ɗauke da kwanon kunu mai ruwa-ruwa, don ta san ba zan iya tauna ba. Ta zauna a bakin ƙofa har na shanye. Ta ce, "Sannu, ɗan ƙasar kakana." Na yi kuka kamar yaro, ban ɓoye ba. Washegari ta rufe tukunyar shayinta, ta sa ni a gaba har asibitin gwamnati, ta zauna a layi tare da ni tun safe har azahar. Ban taɓa iya saka mata da komai ba, kuma yana damuna har yau.

Wadda ta duba ni a can mace ce, ta manyanta, ga gajiya a fuskarta. Ta sa aka ɗauki hoton haƙoran, ta ɗaga shi a haske ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Can da kake zuwa sun ɗauki hoto?" Na ce a'a. Ta ajiye shi a hankali.

Na ce, "Likita, ozon ɗin nan ƙarya ce ko?"

Ta ce, "Ba ƙarya ba ce. Tana kashe ƙwayoyin cuta, kuma akwai masu amfani da ita idan ruɓa tana sama-sama, ba ta yi rami ba. Amma ba ta mayar da abin da ya riga ya zube. Duk wanda ya kalli bakinka ya san naka ya wuce iska." Ta ce ruɓar ta bi ƙarƙashin dasashi ta ci haƙoran biyu har saiwa, mugunya kuma ta taɓa ƙashi, ba abin da za a ɗora gyara a kai. Na gaya mata labarin likitan farko da na gudu na bari. Ta ce, "Da ka zauna ranar, kafin shayi ya huce an gama, kuma da haƙoranka za ka fita."

Da kumburi ya sauka ta cire su duka biyun. Ƙarfen da na yi ta gudu ya shiga bakina, ba ma injin ba, babbansa. Daga baya aka yi min haƙoran roba masu cirewa, haɗe da wani faifai da ke manne wa ganɗa. Na tambayi irin wanda ake dasawa a ƙashi, ta gaya min abin da yake ci, na gane ba na irinmu ba ne.

Na koma gidan Shehi da haƙoran roba. A madubi ba ka gane komai. Na zauna na ce Bisimillah, na ji shi da kunnena, siriri, irin na Malam sak. Shehi bai ɗaga yatsa ba, ya dai rufe ido. Na gwada tura harshe gaba, na gwada janye shi, na cire robar, abin ya ƙara muni, na mayar. Ya bar ni na ci gaba, makonni, don saura kaɗan in sauke. Wanda ya san karatu ya san surar ƙarshe, kowace aya tata da sin take ƙarewa. Na karanta ta ina jin kaina kamar mai kiran tsuntsu.

Da na kai ƙarshe Shehi ya ce, "Ɗana, haddarka ta yi, hukunce-hukunce ka san su. Sallarka ingantacciya ce, Allah ba ya kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Amma ijaza cewa ce na ji daga bakinka yadda na karɓa daga malamina, kuma kai ma haka za ka ba na bayanka. Ba zan iya faɗin haka ba. Ka gyara bakinka ka dawo, ko ina kan gadon mutuwa zan saurare ka."

Ban ji haushinsa ba. Shi kaɗai ne a duk tafiyar ya ƙi sayar min da abin da ba shi da shi. Amma izinin zamana ya ƙare, guzuri ya ƙare, kuma shi da ni mun san ba dawowa zan yi ba.

Na ƙara ganin Sabo sau ɗaya, a filin jirgi ranar da zan taho. Ya zo tarbar wata tsohuwa daga gida, ta ɗaure haɓa da gyale, yana riƙe da jakarta yana cewa, "Inna, ba allura, ba ƙarhe." Na tare shi, na cire robar na nuna masa bakina. Ya kalla, ya ce, "Subhanallahi. To ni likita na? Kai kac ce ba ka son ƙarhe, na kai ka inda babu." Na juya ga tsohuwar na ce ta nemi a ɗauki hoto kafin komai. Ta dube ni, ta dubi shaddarsa, ta bi shi.

Da yamma motar Sakkwato ta sauke ni a Bodinga. Na wuce ta gaban mai tsiren nan da bakina a rufe, na hau wata zuwa Shagari. An yi murna, an yi dafe-dafe. Hadiza da na bari a goye ta zama mutum, tana gudu tana surutu, ta ɓoye a bayan uwarta tana leƙena. Da aka ajiye tuwo na ji ta ce Bisimillah, tas, ba fito, don a bakin uwarta ta koya. Wannan kaɗai ya sa na iya cin abincin.

Da safe Malam ya kira ni zaure. Bai tambayi ijaza ba. Ya ce, "Karanta min." Na karanta. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Mi ag ga bakinka?" Na sa hannu na cire robar. Ya daɗe yana kallon giɓin, daidai inda nasa yake.

Ya ce, "Ƙarhe?"

Na ce, "Ƙarhe, Malam. Daga baya."

Ya ce, "Iska ta warkar da kai, kak koma kab ba su baki. Na hwaɗa maka, Nasiru. Na hwaɗa maka."

Ba a gaya wa uba cewa wasiyyarsa ce ta ci haƙoran ɗansa. Har gobe a wurinsa iska ce ta yi magani, ƙarfe ya ɓata, kuma duk asuba in yana lissafa waɗanda yake wa addu'a, ina jin sunan Sabo a ciki, ni kuma ina cewa amin.

Makarantar dai na karɓa, don idonsa ya yi rauni kuma babu wani. Na yi dabara iyakar iyawata. Na kunna wa yaran karatun manyan alarammomi a waya, na ce wannan za ku bi, ba ni ba. Su saurara da kyau, a kashe waya, in biya musu, su maimaita abin da ya fito daga bakin da ke gabansu. Na roƙi Asma'u ta riƙe Hadiza a cikin gida ta koya mata da kanta. Malam ya ji, ya ce jikarsa ba za ta yi karatu a bayan ɗaki ba alhali ga makaranta a ƙofar gida. Aka yanka mata ɗan allo.

Damina ba ta fita ba, ran nan muna zaune aka kawo fura. Hadiza ta kama ludayi da hannu biyu, ta gyara zama yadda take ganin ina yi, ta tura ɗan harshenta tsakanin haƙoranta farare, cikakku, ta ce Bisimillah. Fiton ya fita siriri, tsaf, an ga ta daɗe tana koyonsa. Uwarta ta juya fuska ga bango. Ita kuwa ta ɗago tana kallona, idonta yana ƙyalli.

Ta ce, "Baba, na iya irin taka?"

Na ce, "Kin iya."